Turbar da Na Share da Hannuna

Jiya a teburin mai shayi na ji ku, ku samari, kuna gardama a kan aikina. Ɗayanku ya ce jagora ba sana'a ba ce, tafiya ce kawai, duk wanda Allah ya ba ƙafa ya iya ta. Wani ya ɗaga waya ya ce ga hanyoyi nan a ciki, ba sai an nemi tsoho ba. Ban tanka ba don akwai baƙi a wurin. Yau tunda mu kaɗai ne, ku matso ku ji.

Ni Sale, a Wagini aka haife ni. Na fi shekara talatin ina kai mutane a ƙafa tsakanin ƙauyukan Batsari da na Safana, ta turbobin da mota ba ta san da su ba. Ƙarti masu ƙarfi ba sa nemana. Masu nemana su ne masu iyali: mata da goyo, tsofaffi, yara ƙanana, da baƙin da ba su san ƙasar ba.

Aikin farko da na yi, 'yan biki muka ɗauka, mata da yara, daga Wagini zuwa wani ƙauye a hanyar Runka. Maigidana Baba Ɗangoje ne, tsohon maharbi da ya ajiye baka ya koma jagora. Lokacin ina ji da ƙarfi, ina taku kamar zan ƙure ƙasa. Muna fita gari na wuce gaba. Ya miƙo gora ya tare mani ƙirji.

Ya ce, "Koma baya. Can ƙarshe. Ka zuba ido bisa ƙafafunsu, ba bisa hanya ba."

Shekara biyu ina bin ƙarshen ayari. Daga can baya na koyi abin da na gaba ba ya gani. Na ga macen da ƙaya ta soke amma kunya ta hana ta faɗa, sai dai ta riƙa dogara diddige. Na gane yaron da ya daina surutu ba natsuwa ya yi ba, ƙishirwa ce ta kama shi. Na gane tsohuwar da ta ce ba ta gaji ba ita ce za a fara nema wa inuwa. Baba ba ya tambayar kowa ko ya gaji. In ya ga alama sai ya ce shi ne yake son cin goro, a zauna.

Sai da na ƙoshi da wannan ya fara koya mani sawu. Muna cikin tafiya sai ya tsaya ya nuna ƙasa da gora.

"Mi ya wuce nan?"

"Shanu, Baba."

"Ko makaho ya san shanu ne. Nawa ne? Yaushe? Kiwo suke ko kora ake yi masu?"

In na yi kuskure ba ya gyara mani. Sai mu bi sawun har mu cim ma shanun in ƙirga da idona, sannan mu dawo. Wata rana mun yi haka har azahar ba ko ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Gora mai tsawon kafaɗa, don gwada zurfin ruwa da buga ciyawa kafin a taka. Adda. Goran ruwa biyu, ɗaya naka, ɗaya wanda ba ka taɓawa sai yaro ya nema. Igiya. Takalmin taya. Ƙuli-ƙuli da garin kwaki a ƙullin tsumma. Sai matsefata, ɗan ƙarfen cire ƙaya, wadda nake ratayawa a wuya. Daga baya na sayi jaki, na yi mashi akumari mai taushi saboda tsofaffi.

Wani aiki da ba na mantawa, wani ma'aikaci ne ya zo daga Katsina da hutun Sallah, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, suna son su hau duwatsun wajen Runka su ga birai. A shekarun nan irinsu kan zo, har malaman makaranta kan kawo ɗalibai. Yaran na sanye da takalman gari masu santsi. Muna cikin wata 'yar turba mai ciyawa na hango macijiya, kasa, kwance a tsakiyar hanya, kaurinta ya kai damtsena, taku biyar tsakaninta da ƙaramar yarinyar. Da na yi ihu, da sun watse cikin ciyawa, kuma ban san abin da ke cikin ciyawar ba. Sai na juya ina dariya na ce, "Kai, na manta! Ku zo ta nan ku ga kanya ta nuna." Na kewaya da su ta wani fako. Suka sha kanya, suka ga birai, suka yi hotuna. Da za su shiga mota maigidan ya ce mani, "Malam Sale, ashe dajin nan ba komai cikinsa." Na ce ƙwarai kuwa, Alhaji. In ka iya aikin nan, abin da ake faɗa maka ke nan.

Saboda irin waɗannan mutane na gyara Turbar Tsamiya. Tsohuwar hanya ce da ta taso daga ƙauyukan bakin daji, ta tsallaka wani rafi mai yashi, ta miƙe gabas zuwa Batsari. Rani uku ina aikinta bayan Baba ya rasu. Na sare farar ƙaya, na tone duwatsu na jera su a gefe, na cike zaizaya da itace da ƙasa. A tsakiyar hanyar akwai wata babbar tsamiya, na share gindinta na ajiye kututture don zama. Turbar ta zama lafiyayya, ba hawa ba gangara, mai ciki ma ta bi ta ba ta yi haki ba. Har masu babur suka gano ta suka riƙa bi. Na ji daɗin hakan a lokacin.

Sai shekarun ɓarayin daji suka shigo. Da farko shanu suke kora, daga baya suka koma ɗibar mutane. Baƙin birni suka ɗauke ƙafa. 'Yan biki suka daina tafiya da guɗa. Masu nemana suka zama mutanen da ke barin gidajensu, kuma duk abin da na sani game da hanya mai kyau ya juye. Inda babur ke iya bi, nan ne mutuwa take. Inuwa da ruwa, nan ɓarayin suke hutawa. Hanya mai kyau ta koma wadda ke da ƙaya da dutse.

Aikin da nake son ku ji, a ƙarshen wata damina aka yi shi, gero ya nuna, dawa ba ta fitar da kai ba. Malam Habibu ne ya aiko mani, malamin Islamiyya a wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Doka, gab da bakin daji. Ɓarayin sun aiko wa ƙauyen da saƙo su tashi. Hanyar mota kuwa kwana uku ana tare ta. Na isa da jakina rana na fitowa.

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi mutanen Wagini, amma duk a tsaye. Waɗanda zan kai su biyar ne: Malam, matarsa Saude da jariri a baya, 'yarsu Nana mai shekara shida, sai mahaifiyarsa Inna Rakiya, wadda idonta ya yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi.

A ƙofar gida na tarar da ƙanensa Lawali yana ɗaure buhunan sabon gero a babur. Saurayi ne mai ƙwazo, yana da wani busasshen tari tun yana yaro, sau biyu a jere yake yinsa kamar mai gyaran murya.

Na ce, "Lawali, ta ina za ka bi?"

Ya ce, "Ta Tsamiya mana, Baba Sale. Akwai mutane biyar da za mu tafi tare."

"Bar babur ɗin nan. Zo mu bi ta dutse."

"In bar gero? Mi za mu ci a Batsari? Ai kai ka gyara hanyar, ka san ba ta da nisa. Kafin ku kai rafi na sauke na dawo na ɗauki Inna."

Malam ya sa baki, Inna ma ta yi magana. Ya durƙusa ya ce ta yi mashi addu'a, ya tada babur ya tafi.

Muka ɗora Inna a jaki, littattafan Malam a mangala, muka fita. Daga Gidan Doka zuwa rafi turba ɗaya ce. Sai an tsallaka take rabuwa biyu, ta Tsamiya ta yi dama, ta dutse ta yi hagu. Tun a gonaki na ga abin da ban so ba. Lokacin yankan gero ne, amma ba kowa a gona. Ba hayaƙi, ba muryar mutum. Ban faɗa masu ba, na dai ƙara sauri kaɗan.

Da muka gangara mashigi na ɗaga hannu suka tsaya. Na tsuguna a kan yashi. Ga sawun babur ɗin Lawali, na san shi, tayar baya ta sha ƙasa saboda nauyin gero. A kansa kuma ga wasu sawun, babura da yawa, sun biyo gefen rafi daga yamma, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya nutse kamar mai ɗauke da mutum uku. Ruwa bai gama taruwa a cikin ramin tayar ba. Nasu na sama, na Lawali na ƙasa. Suna bayansa ke nan, kuma sun hau Turbar Tsamiya. Na duba ko'ina ban ga sawun dawowa ba.

Malam ya matso ya rage murya. "Malam Sale, lafiya?"

"Sauke Inna."

"Mi ka gani?"

"Sun wuce yanzu, kuma ta nan za su dawo. Sauke ta."

Komawa baya ba ta yiwuwa, gonakin wake ne a fili, ana hango mutum daga nesa. Hanyar dutse kuma sai an ratsa wani dogon fako kafin a samu mafaka, da tsohuwa da jariri ba za mu kai ba. Muna cikin kwance mangala muka ji harbi daga gabas, uku a jere, sannan da yawa. Saude ta ce innalillahi. Na ce mata, "Malama, daga yanzu a zuci."

Na tura littattafan cikin wani kurmin geza. Malam ya zare Alƙur'ani kaɗai ya rataya. Na juya jakin ya fuskanci inda muka fito, na zabga mashi gora, ya tafi a guje. Jaki ba ya ɓuya, in ya ji motsi sai ya yi kuka. Ban sake ganinsa ba. Na karyo reshen sabara na share sawunmu daga bakin ruwa, na ce kowa ya shiga cikin rafin.

Ku lura da wannan. Ƙasa muka bi, inda ruwa ke tafiya, ba sama ba. In ka bi sama, ruwan da ka dama da ƙafa zai gangaro mashigi ya tona maka asiri.

Malam ya goyi Inna, na ɗauki Nana. Ba mu yi nisa ba, bai fi jifa biyu ba, na ji kukan shanu. Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa a gefen rafin, sarƙaƙiya ta rufe bakinsa. Na san shi don na taɓa fakewa ruwan sama a ciki. Na ɗaga ƙayar da gora suka rarrafa ciki ɗaya bayan ɗaya. Wajen shiga Nana ta taka ƙaya, ta shige tafin ƙafarta sosai. Ta buɗe baki za ta yi kuka. Na dube ta na ɗora yatsa a leɓe, na tura mata gefen mayafin uwarta ta ciza. Na ciro matsefata na zare ƙayar, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. Hawaye na zuba amma ko uhum ba ta ce ba. Saude ta juyo da jaririn ta sa shi a nono.

Muka kwanta rub da ciki. Ta tsakanin ƙaya ina hango mashigin.

Shanu suka fara isowa, ana kora su. Bayansu babura, a hankali, kowanne da mutum biyu ko uku, bindigogi a kan cinya. Wasu sun naɗe fuska, wasu ko gemu ba su yi ba. Na ga babur ɗin Lawali, wani ne a kai, buhunan gero na nan yadda ya ɗaure su. Can baya sai ga mutane a ƙafa, an haɗa su da igiya ɗaya a ƙugu. Na uku a jerin Lawali ne, ba hula, ba takalmi.

A mashigin suka tsaya shanu su sha ruwa.

Na ji jikin Malam ya ɗaure a gefena. Ya ga ƙanensa. Ya fara tattara gwiwa zai tashi. Na ɗora mashi gora a gadon baya na danna da duk ƙarfina, na kai baki kunnensa.

"In ka tashi ba ka ceci Lawali ba. Ka ba su Nana da uwarta."

Ban ɗage gorar ba.

Ɗaya daga cikinsu ya sauko daga babur ya biyo bakin ruwa ta wajenmu. Ya tsuguna ya wanke fuska, ya kurkure baki. Ina jin warin mai da taba a jikinsa. Ina ganin wani tabo a idon sawunsa. Ya ɗaga kai ya dubi sarƙaƙiyar, ya daɗe yana dubanta. Cinnaku suna hawa mani wuya suna cizo, ban motsa ba. Daga mashigi wani ya ɗaga murya ya ce ga sawun jaki nan ya nufi ƙauye, yanzu ya wuce. Na kusa da mu ya miƙe ya koma.

A daidai nan Lawali ya yi tari. Sau biyu, busasshe.

Na waiwaya wajen Inna. Duk wannan lokaci ba ta ga komai ba, ba kuma wanda ya faɗa mata. Na ga ta ɗago kai ta karkata kunne. Bakinta ya buɗe. Hannuna ɗaya na kan gora, ɗayan ba ya kaiwa inda take, ba abin da zan iya yi. Sai ta lalubo bakin zanenta, ta dunƙule shi, ta cusa a baki da kanta, ta kifa fuska a ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Babura biyu suka bi sawun jakin, ba su daɗe ba suka dawo. Sannan aka kora shanu da mutane suka bi gefen rafi zuwa yamma, har ƙarar ta ɓace. Malam ya so mu fita nan take, na hana. Sukan bar mutum a baya. Sai da ruwan da shanu suka dama ya wuce mu ya koma garau, kurciyoyi suka sauko mashigi suna shan ruwa, sannan na ɗaga ƙayar.

Muka ratsa fakon nan ba wanda ya waiwaya, muka kama hanyar dutse. Hanya ce da a da ba zan kai ko saurayi ba. Duwatsu masu zafi, gumbi na kama riga, wani wurin sai an ja mutum da igiya. Ni da Malam muka riƙa karɓa-karɓa da Inna. Nana na ɗingishi, na yage bakin rawanina na naɗe mata ƙafa. Muka yi azahar da taimama a bayan wani dutse, ɗaya na salla ɗaya na tsaro. Goran ruwan da ba na taɓawa, a ranar ya ƙare tas.

Inna ba ta yi magana ba sai da muka fara hango gonakin rogon Batsari. Tana bayana a lokacin.

Ta ce, "Sale."

"Na'am, Inna."

"Ɗaure yake?"

"Ɗaure yake, Inna. Amma da ƙafarshi yake tafiya."

"Da takalmi?"

"Babu."

Mun shiga gari gab da magariba, na kai su gidan wani abokin karatun Malam, na zauna a ƙofar gida don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Lawali ya dawo bayan an gama girbin dawa, sai da aka sayar da gonarsu aka biya kuɗin fansa. Ya rame, yana jan ƙafa ɗaya, kuma har yau ba ya ba da labarin abin da ya gani. Cikin waɗanda aka ɗaure su tare, akwai wanda bai dawo ba. Ni ma ban koma Wagini da zama ba. Na ci gaba da aikin shekara biyu, ina fitar da iyalai ta dutse, har gwiwa ta ce ta gaji. Turbar Tsamiya ban sake taka ta ba. Waɗanda suka leƙa sun ce har yanzu a share take, don babura na binta kullum.

Damina biyu bayan wannan, Inna Rakiya ta kwanta ciwo a ɗakin da suke zaune a nan Batsari. Ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar.

Ta ce, "Sale, hanya ta buɗe?"

Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ba ta buɗe ba, Inna."

"Ko ta dutse?"

"Ko ta dutse."

Ta ce, "Na so a kai ni kusa da mahaifinsu. To, Allah ya yi maka albarka. Ka goye ni ranar da ƙafafuna suka kasa."

Kwana huɗu bayan nan ta rasu, da safe, bayan an kwana ana ruwa. Aka yi mata salla a ƙofar gida. Da aka ɗaga makara sai jama'a suka tsaya cirko-cirko, don ruwa ya cinye hanyar maƙabarta, kuma yawancin masu ɗaukar mutanen ƙauye ne, baƙi a garin. Malam Habibu yana riƙe da gaban makara, Lawali na ɗaya gefen. Malam ya waiwayo ya neme ni da ido.

Ya ce, "Malam Sale, wuce gaba."

Na ɗauki gorata na wuce. Na kewaya da su ta bayan wata gonar dankali inda ƙasa ke da tauri, ina gwada kowane taku kafin su taka, ina tafiya a hankali saboda ƙafar Lawali. Muka kai ta ba wanda ya zame.